Masu Gem: Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

A majalisarmu an sha yin musu a kan siyasa a tashi lafiya, an sha yi a kan ƙwallon Turai a rabu ana dariya. Amma ranar da wani ya yi suɓutar baki ya ce ba a taɓa ƙera na'urar gem kamar PlayStation 2 ba, sai da mai shayi ya kashe wuta ya kife kofuna, ba a gama ba. Magidanta ne fa, wasu har da furfura a gemu. Ina gefe ina kallo, sai na ga ashe masu gem ɗin nan ma iri-iri ne.

Na farko shi ne Baban Kaset. Yana yawan ambaton Famicom, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, amma tsakani da Allah bai taɓa riƙe ta asali ba. Kwaikwayonta aka sayo masa a kasuwa, tare da kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasanni 9999. Kana kunnawa za ka tarar 'yan ƙalilan ne, aka sauya musu suna suna ta zagayowa. Maganinsa na kowace cuta ɗaya ne: a zare kaset, a hura masa iska kamar mai tofi, a mayar. Har yau in katin cirar kuɗi ya ƙi aiki, sai ya waiga hagu da dama ya hura masa iska. Abokin gabarsa a duniya shi ne karen nan na Duck Hunt, mai leƙowa daga ciyawa yana ƙyalƙyala dariya in an harbi agwagwa an kuskure. Shekara talatin ke nan, bai yafe masa ba.

Sai Ɗan Sega, wanda har yanzu bai tashi daga zaman makoki ba. Mega Drive ta fito a 1988, shuɗiyar bushiyar nan Sonic ta biyo baya a 1991, sannan a 2001 kamfanin ya daina ƙera na'ura bayan Dreamcast ta kasa kasuwa. Shi kuwa yana maganar Sega kamar bafaden sarkin da aka tuɓe: ai makirci aka ƙulla, kuma wata rana za a dawo. A firamare jadawalin sau bakwai ya gagare shi, amma bangon littafin lissafinsa cike yake da sirrin Mortal Kombat: baya, baya, naushi. Tashe shi cikin dare ka tambaye shi yadda Sub-Zero ke daskarar da mutum, zai karanto maka bai buɗe ido ba.

Na uku Shehin PS2, kuma shi ne mai rinjaye, don hujja na hannunsa: tun fitowarta a 2000 an sayar da fiye da miliyan 150. Makarantarsa gidan gem ce ta unguwa, mai benci biyu, da talabijin mai ƙaton ƙeya, da inji na kuka a bakin ƙofa. Dokar wurin a sarari take: wanda aka ci shi zai biya, ya kuma tashi. A nan ya ƙware a Winning Eleven, wadda rubutunta duk da Japananci yake. Bai san harafi ɗaya ba, amma ya san in ya sauka layi na uku ya danna, zai kai inda ake sauya 'yan wasa. Shi ne ya ɗauko Roberto Carlos daga baya ya mai da shi ɗan gaba saboda gudu da ƙarfin shot, kuma har gobe yana ganin masu horar da Brazil ne ba su gane ba. Memorinsa mai megabayit 8 yana ajiye a inda yake ajiye takardar fili. Ranar da ƙaninsa ya goge masa God of War, sai da kawunsu ya shiga tsakani.

Na huɗu Sarkin Uzuri. Shi ba a taɓa cin sa ba tunda yake. In an zura masa uku, hannun gem ɗin ne ya lalace. In aka musanya masa hannu aka ƙara biyu, alƙalin wasa ne. In aka cire wannan, to kwamfutar ce ta riga ta rubuta wanda zai ci. Tun 2023 aka sauya wa wasan suna daga FIFA zuwa EA Sports FC, amma shi FIFA ya sani, sabo turken wawa. Babu mai addu'ar a ɗauke wuta sai shi, idan ana ci huɗu da nema a minti na tamanin. Ana ɗaukewa zai miƙe yana kakkaɓe riga: “Wallahi Allah ya taimake ka, yanzu na fara gane ka.”

Na biyar Alhaji Don Yara Na Saya. Da PS5 ta fito a 2020 ya yi ta lissafi, daga baya ya shigo da ita gida a cikin kwali, ya ce ladan jarrabawar Abba ce. Abba yana aji biyu na firamare. Tun daga ranar aikin yaron shi ne miƙo ruwa da kallo, don kullum Baba yana “gwada ta” ne. Uwargida ta ce, “Baban Abba, da kishiya ka yi mini da na san ranar girkina, wannan kuwa kullum kwananta ne.” Ya ce saura minti biyar. Minti biyar ɗin masu gem ba a agogo ake duba shi ba.

Na shida Maraya, wato mai Xbox. Tun da Microsoft ta shigo fagen a 2001 yake wa'azi, bai samu mabiyi ko ɗaya a unguwa ba. Kowa na musayar faifai da abokinsa, shi ba shi da abokin musaya. Alfaharinsa Game Pass, inda ake biyan kuɗin wata a samu ɗaruruwan wasanni, sai dai kafin guda ɗaya ya gama sauka datar gidan ta ƙare. In kana son ganin ɓacin ransa, ambaci jan zoben nan da ke kunnuwa a gaban Xbox 360 in ta mutu, matsalar da ta sa kamfanin ware sama da dala biliyan 1 a 2007 don gyara. Zai ce maka ai wannan tarihi ne. Haka Ɗan Sega ma yake cewa.

Na bakwai Salihi, mai Nintendo Switch. Ana masa gorin wai gem ɗin yara yake bugawa, sai ya yi murmushi ya ce kamfaninsa tun 1889 yake sana'a a birnin Kyoto, da buga karta ya fara, lokacin kakannin sauran ba su zo duniya ba. Ramuwarsa na zuwa ne in wuta ta ɗauke: kowa ya yi tagumi a duhu, shi kuwa ya zare abarsa daga mazauninta ya kishingiɗa ya ci gaba.

Kada a manta da Gwaggo, wadda ta ce gem shashanci ne da ɓata lokaci. Ita ce ta cika allon Nokia 3310 da maciji, yanzu kuma ta kai matakin da jikokinta ba su taɓa jin labarinsa ba a Candy Crush. In ka yi magana ta ce, “Kai ɗan nan, wannan ai ba gem ba ne, motsa ƙwaƙwalwa nake.”

Da na auna su duka, sai na ga ba ƙarfin na'ura suke wa musu ba. Kowa yana kare wadda ta same shi yana ɗan shekara goma sha biyu ne, lokacin da babu kuɗin haya a kansa, babu na cefane. Faɗa mini gem ɗin mutum, in faɗa maka shekarunsa.

Saura mutum ɗaya, wanda bai ce uffan ba a musun nan. Shi ne ƙanin da Yaya ya riƙa ba shi hannun da ba a jona ba, ya yi shekara biyu yana danne-danne yana murna, a zatonsa shi ke cin ƙwallayen. Ni ne wannan yaron. Don haka ku yayye, in za ku ba ƙannenku hannu, ku ji tsoron Allah ku jona shi.