A Gaishe Da Faifai, Gwanin Rufa Asiri

Tun 2001 Hukumar Tace Finafinai ta Kano take fama da 'yan fim a kan shiga da rawa, amma aikin da take yi da takardu da tara, faifan bidiyo na kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma ya gama shi a ɓagas. Zura shi a kwamfuta ka sha kallo. Ba fuska, ba kwalliya, ba surar da za ta ɗauke hankalin saurayi. Kowa ya sha lulluɓi, har da mazan.

Ga shi da adalci, ba ya fifita wani jarumi a kan wani. Ali Nuhu da Adam A. Zango sai sun yi magana kake bambanta su. Marigayi Ibro ma da jar hularsa ake shaida shi.

Masu ƙorafi ba su san irin hidimar da ake yi musu ba. Tsarin VCD da kamfanonin Philips da Sony da abokansu suka fitar a 1993 ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Allon ƙaramar kwamfutar da ɗalibi ke ratayawa kuwa 1366 ne da 768, wato ninki goma. Dole kwamfutar ta miƙe hoton ta cika allo, kamar a dama furar mutum ɗaya a shayar da baƙi goma: kowa ya samu, a dai bar zancen kauri. Tsohuwar talabijin mai doro tana da kara, takan ɓoye wannan. Kwamfuta ce marar kunya, ita ya kamata a tuhuma.

Da DVD ya zo da ɗigo 720 da 576 an ji tsoron hoto zai fito tangaran. Sai Allah ya kawo 'yan kwafi masu tausayin talaka, suka matse finafinai ashirin a faifan da aka yi domin guda. Matsar nan ba ta jure motsi da sauri, shi ya sa da an fara rawa hoton ke tarwatsewa ya koma 'yan murabba'ai masu launi. Daidai inda malamai ke tsoro, nan yake sa labule. Wane ɗan hisba ne ya kai shi sanin aiki?

Idan kuma ya sha karce da ƙurar hanyar Kurfi, sai ya cije ana tsakiyar faɗa, jarumi ya sandare baki buɗe, don ka samu sararin alwala. Ka hura masa iska, ka goge shi da gefen riga, ka mayar. Ya tsallake minti goma, ya rage maka ɓata lokaci. Ka kai ƙara wurin mai faifai, ya ɗaga shi a rana ya jujjuya: "Haba yallaɓai, wannan ai orijina ne. Kwamfutarka ce ba ta da ƙarfi."

Abin takaici, ana neman yi wa bawan Allahn nan ritaya. Sababbin kwamfutoci ko ƙofar sa shi ba su da ita, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma kuma sun koma wurin 'yan dawunlodi da YouTube, suna ganin har ƙurajen fuskar jaruma.