Takarda daga Atina zuwa Garu, kan batun lefen Hajiya

Takarda ta fito daga hannun jika mazaunin Atina ta ƙasar Girka zuwa ga kakarsa kuma uwargidansa, Hajiya, a Garu cikin Dutse. Bayan gaisuwa da fatan dabino ya yi albarka bana, angon yana sanar da ita cewa ya gano kayan da suka dace da lefen da take binsa tun yana goye, sai dai suna kulle cikin gilashi a babban gidan adana kayan tarihi na birnin, kuma masu gadin ba su san haƙƙin kaka ba.

Kayan ragar gashi ce ta zinare, wato sarƙoƙin da mata ke tattare gashi da su a ƙeya, wadda aka samo a yankin Tasaliya, kuma an ƙera ta a zamanin da ya biyo bayan mutuwar Iskandari Mai Girma a shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da dukiyar Farisa ta kwararo hannun Girkawa. A tsakiyarta akwai faifai mai siffar Atemis, wadda mutanen lokacin suka riƙa abar bauta mai kula da farauta. Maƙerin ya bugi zinaren ta baya har fuskar ta taso, sannan ya kewaye ta da zaren zinare murɗaɗɗe. Hajiya za ta yi a'uziyya da jin gunki, kuma da gaskiyarta, amma hannun maƙerin ne abin dubawa.

Kada kuma ta ɗauka Girkawa kaɗai suka san ado, domin a kaburburan sarauta na Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a Katsina, waɗanda aka tona a 1907 da 1992, an sami 'yan kunne da zobe na zinare masu ɗaruruwan shekaru, har aka kai su Mainz ta Jamus domin gyara da nazari.

Saboda haka jikan yana roƙon kada a kai tsofaffin 'yan kunnen Hajiya wurin masu awon giram a narke, don sikeli nauyi kawai yake biya, ba ya biyan aikin hannu. Idan buƙata ta taso a faɗa masa ya aiko, in kuwa aka narka su, to ta shirya karɓar kishiya Bagirkiya. A gaida mutanen gida duka.