Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Zakaran Kirsimetin Gidanmu

Jos, 21 ga Disamba.

Zuwa ga Mai Girma Jan Zakara,
Wanda 'ya'yana mata suka raɗa wa suna Kawu,
Bayan Kicin a takarda, Ƙarƙashin Gadona a zahiri.

Ranka ya daɗe, ko da yake ba don ya daɗe na sayo ka ba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ba sai na tambayi ko ka tashi lafiya ba. Na san ka tashi, duk layinmu ya san ka tashi. Dalilin wannan takarda shi ne abin da ka yi mini daren jiya. Wajen ƙarfe uku na dare, babu wuta tun yamma, sanyin Jos ya sa na duƙunƙune har ka a cikin bargo, sai na ji cara. Ba daga bayan kicin ba, inda na kife ka da kwando da hannuna na ɗora dutse. Daga ƙarƙashin gado, daidai saitin kunnena. Na zabura na buga ƙaurina a bakin gado, na taka takalmin Kirsimetin Auta, irin mai kukan nan da walƙiya in an taka, ɗaki ya kama ja da kore ana ƙiiƙ-ƙiiƙ, ni kuwa ina ta kiran sunan Yesu. Maman yara ta haska fitilar waya. Sai ga ka kwance cikin kwalin taliya, an naɗe ka da rigar sanyina da nake ta nema tun makon jiya, kana duban mu da ido ɗaya kamar mu ne muka shigo maka ɗaki ba sallama.

Da gari ya waye na zaunar da kotu. Babba ta ce ita barci take, ba ta ga komai ba. Ta tsakiya ta ce ita dai ƙofa kawai ta riƙe. Auta, 'yar shekara huɗu, ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Baba, Kawu yana jin sanyi." Na ce, ni fa, ba na jin sanyin? Ta ce, "Kai ai kana da Mama." Nan shari'a ta watse, don mai taya ni alƙalanci ta fice tsakar gida tana dariya har da riƙe ciki.

Bari in tuna maka yadda aka yi ka zo gidan nan, tunda na ga ka fara ɗaukar kanka mai gado. A watan Nuwamba na sayo ka a kasuwar Mangu. Duk mai iyali ya san cewa da an shiga makon Kirsimeti mai kaza ba ya sauraron tayi, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya koma na sai mai hali. Na ce in saya da wuri, in kife, ranar 25 ga wata a fige. Lissafi ne mai kyau, har gobe ina kan bakana. Ni kazar gidan gona ma na so saya, irin fararen nan da mako shida zuwa takwas sun isa yanka, ba sa cara, ba sa yanga, ba wanda ya taɓa jin sha'awar raɗa musu suna. Maman yara ce ta ce namansu yana narkewa a miya, baƙi su yi ta lalube da cokali, ita zakaran Hausa take so mai ƙashi da ɗanɗano. To ga zakaran Hausa nan, ya kwana a ɗakinta.

Daga ranar da ka shigo zuwa yau ka ci masara, ka ci dawa, ka ci sauran tuwon dare, ka ci biskit ɗin makaranta. Shekaranjiya na kama ta tsakiya da kofi a bakin buhun shinkafar Kirsimeti, ta ce wai ka gaji da masara. Ka gaji da masara! Ɗan rangwamen da na samu a Mangu ka cinye shi tun kafin Disamba ta kama, yanzu uwar kuɗin kake ci. Wanda ya fara cewa sabo da kaza ba ya hana yanka, na tabbata 'ya'yansa duk maza ne.

Sai batun suna. Sun ce maka Kawu don kana tafiya da ƙirji a gaba irin ta ƙanin mahaifiyarsu, kuma ban musa kamar ba. Amma ka san abin da sunan nan ya jawo mini? Ranar Lahadin da ta wuce malamar makarantar Lahadi ta tambayi yara ko akwai mai roƙon addu'a. Ta tsakiya ta ɗaga hannu, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce a yi addu'a don Babansu ya ce zai yanka Kawu ranar Kirsimeti, har ya wasa wuƙa. Yara suka sunkuyar da kai aka yi addu'ar. Bayan an tashi sujada wani dattijon ikilisiya ya kama hannuna ya ja ni ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya fara da cewa ko harshe da haƙori sukan saɓa, kuma suruki ɗan'uwa ne, in akwai bashi a tsakani a zauna a sasanta. Na daɗe ina gyaɗa kai kafin in gane inda maganar ta dosa. Da na ce masa kaza ce, bai yi dariya ba, sai ya ce to, Allah ya sa haka ne. Har yau 'yan Zumuntar Mata in sun gaishe ni sai sun ƙara da, "Ina Kawun yara? Yana nan lafiya dai ko?" Shekara da shekaru ina gina mutunci a cocin nan, ina karɓar baiko, ina ɗaukar benci, kai ka zo da ƙafa biyu da tukku ka rushe shi a safiya ɗaya.

Ba kai kaɗai ne damuwata a watan nan ba. Tela yana riƙe da yadin yara tun Oktoba, kullum gobe. Akwai ranar kitso a gaba, wadda ake fara ta da murna a gama da kuka. Akwai tabarau na roba da ƙaramar jaka da dole kowacce ta samu launin da ba irin na 'yar'uwarta ba, amma kuma kada na wata ya fi kyau. Yaran layi suna ta fasa abin ƙarar nan nasu a bayan taga. An kai Auta ganin Baba Kirsimeti ta ƙwalla ihu ta ɓuya a zanin uwarta, kuɗin tikiti ya bi ruwa. Tumatir da attarugu a kasuwar Farin Gada ba a magana. Duk waɗannan na saba da su, kowace shekara muna haɗuwa mu rabu. Ba ɗayansu da ya taɓa sa rigata.

Kuma don kada ka ce cara halittarka ce ba laifinka ba, na bincika. A 2013 masana a Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan sun nuna cewa zakara yana da agogo a cikin jikinsa, ko ba ya ganin fitowar rana yakan san asuba ta kusa, ya fara cara kamar awa biyu kafin haske. A Jos a makon nan rana ba ta fitowa sai an wuce shida da rabi. Ko da ilimin Japan ɗin, ba ka da hurumin buɗe baki kafin huɗu da rabi. Kai kuwa ƙarfe ɗaya ka yi, uku ka yi, an ta da janareta ka yi, an buɗe ƙofar banɗaki ka yi. Ladanin masallacin bayanmu bai ma juya a shimfiɗa ba ka riga ka yi zagaye biyu. Masanan nan sun sake gano cewa a cikin garke babban zakara ne ke fara cara, ƙanana su biyo baya. Wato ba ka tsaya kan hana ni barci ba, sarautar zakarun unguwa ka karɓa, da masarata.

Yanzu kuma an ce sai ka fito a wasan haihuwar Yesu na daren 24. Babba ce Maryamu, ta tsakiya mala'ika ce da fukafukan kwali, Auta tunkiya. Na ɗauko Littafi Mai Tsarki na buɗe musu Luka sura 2: ga makiyaya, ga garke, ga komin dabbobi, ina zakara? Na ce inda kowa ya san zakara a Linjila shi ne daren da Bitrus ya yi musun sanin Ubangijinsa, wannan kuwa labarin Ista ne, ba na Kirsimeti ba. Babba ta karɓi littafin ta bi da yatsa har ƙarshen sura, ta ɗago ta ce, "Baba, amma ba a rubuta cewa babu zakara ba." Kuɗin makarantar da nake biya ne ya dawo yana mini gardama.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zancen Alhaji maƙwabcina. Tun da muka tare a layin nan shi ke yanka mana kazar Kirsimeti, don in an dafa a kai gidansa kowa ya ci hankali kwance, mu ma ranar Babbar Sallah cinyar rago ba ta wuce mu. Jiya da yamma na leƙa in tuna masa, ya kau da kai ya ce, "Maƙwabci, bana ka yi haƙuri, hannuna ba ya ciki. Yaran nan su uku suka zo suka durƙusa mini, Baba Alhaji, Baba Alhaji. Ina zan sa fuskata?" Bai tsaya nan ba, ya shiga gida ya fito da mudun gero ya ce a kai wa Kawu. Zumuncin shekaru, da ya tsallake dokar hana fita da duk wani tashin hankali da garin nan ya gani, yau kai ka juya shi ya koma neman ceton ranka.

Kai! Wai ni me na yi maka? Kai wane ne? Da kuɗina na saye ka, a bayan mota na ɗauko ka ƙafafu a ɗaure, ka ɓata mini buhun dankali a hanya ban ce komai ba. Ka yi tari sau ɗaya Babba ta ce a kai ka Vom, wai can manyan likitocin dabbobi suke. Cibiyar da aka kafa tun 1924 tana haɗa wa dabbobin ƙasa allurar rigakafi, ita za ta bar aikinta ta duba maƙogwaronka? Ni da na kwana ina tari, ruwan zafi da citta aka miƙo mini, shi ma sai da na roƙa. Na gyara kwandonka ka tsere, ka haye igiyar shanya ka sa hannu a farar rigar da zan sa ranar Kirsimeti, aka ce ai alamar arziki ce. Na ɗaga tsintsiya, bakuna uku suka buɗe lokaci guda, uwarsu ta leƙo ta ce, "Baban Babba, ka bar yara su yi Kirsimeti cikin farin ciki mana." Ita ce kuma da daddare ta lissafa mini baƙin da za su zo, ta ce kada in kunyata ta da miya ba nama.

Na san inda kuka samo ƙwarin gwiwa. Kawun na gaskiya ne ya ba su labari a waya cewa a Amurka shugaban ƙasa yakan yi wa talotalo afuwa duk shekara a watan Nuwamba, al'adar da ta zauna daram tun 1989. Ya ƙara musu da labarin ɗan Shugaba Lincoln, wanda ya roƙi babansa a bar talotalon da aka kawo don abincin Kirsimeti, aka kuwa bar shi. To Lincoln yana da baitulmali, ni albashi gare ni, shi ma ya ƙare tun 10 ga wata. Kada kuma wani ya kawo maka labarin zakaran nan Maurice na Faransa, da maƙwabta suka kai ƙara kan cara a 2019 kotu ta ba shi gaskiya, har daga baya a 2021 aka yi dokar kare ƙarar karkara da warinta. Shi a waje yake kwana. Da a ƙarƙashin gadon alƙali ya yi carar, da labari ya sha bamban.

An ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ba a lissafa da uba mai 'ya'ya mata uku a cikin masu hana shi ba, don an san ba ya cikin lissafi. Saboda haka ga sharuɗɗana. Daga yau bayan kicin za ka kwana, an yarda a rufa maka tsohon buhu, ban da rigar kowa. Ba cara kafin kiran assalatu. Shinkafa ta haramta gare ka. Zan je in sayo figaggiyar kaza a baƙar leda, in shigo da ita bayan yara sun yi barci, kuma in aka tambaye ka ba ka san ta ba. Batun matar da Auta ta ce in sayo maka don kana jin kaɗaici, kada ka sa rai, ko da yake uwarsu ta fara cewa kaza aƙalla tana ƙwai, abin da ya sa tun safe ban sake ba ta fuska ba. Afuwar nan ta Kirsimeti ce kawai. Sabuwar Shekara tana nan tafe ranar 1 ga Janairu, kuma ban sa hannu a kan komai ba game da ita.

Naka, wanda ya biya kuɗinka,
Baban Babba.

Ƙarin bayani: Kakar yara ta aiko daga ƙauye cewa tana tafe ranar 24 da tsarabar ɗan akuya. Zan tare ta a tasha in wuce da shi gidan yayana kafin ido shida su gan shi. In aka yi rashin sa'a ya shigo gidan nan, kada ka kuskura ka ba shi shawara.