Bel, Taye da Shanun Kawu

Saƙon ya shigo wayata a watan Mayun 2024, ina zaune a Tozai bayan gama bautar ƙasa: wani banki yana gayyatata intabiyu a Sakkwato. Kafin la'asar gari ya ɗauka an ba ni aiki, da magariba an naɗa ni manaja, bayan isha'i kuwa gwaggona ta aiko a tambaye ni ko muna ba da bashin injin markaɗe.

Aka kafa kwamitin shirya ni a zauren gidanmu. Shugaba shi ne tsohon hedimastanmu, mutumin da ya yi imani cewa duk tambayar duniya amsarta shekara ce. Ya sa na haddace cewa Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ran 1 ga Yulin 1959, naira ta kori fam a Janairun 1973, BVN mai lamba 11 ta zo a 2014. Na ƙara da nawa na intanet: a watan Maris Babban Banki ya ce kowane banki mai reshe a ƙasashen waje ya kai jarinsa naira biliyan 500, na cikin gida biliyan 200.

Darasi mafi wuya shi ne kallon ido. Hedimasta ya ce masu intabiyu ba sa ɗaukar mai sunkuyar da kai, ni kuwa tun ina rarrafe ake koya mini sunkuyar da shi. Na gwada a kan Kawu, ɗan canji kuma mai shanu, wanda ba ya fashin kasuwar Illela ta ran Lahadi. Ya ajiye goronsa ya ce, "Kai ɗan ga, ni kaka ƙure ma ido? Bokon ke nan?" Shawararsa guda ce tak: in aka yi maganar kuɗi, kada in fara faɗin farashi.

Kwat ta gwanjo ce, kuma ga alama mai ita na farko ya ƙoshi a Turai. Wandon sai da bel, wanda na aro wurin ɗan baffana mai kabu-kabu, da ƙaton kan ƙarfe mai siffar mikiya. Taye kuwa duk unguwar hedimasta kaɗai ya iya ɗaura shi, ya ɗaura, aka zare ta kai aka rataye a ƙusa. Da dare Inna ta ga ƙulli a kayan ɗanta ana gobe tafiya, ta yi salati, ta kwance, ta tofe shi da addu'a. Da asuba hedimasta ya tafi gona. A tashar Illela yaron mota ya ɗaura mini shi irin ɗaurin bakin buhun albasa, direba kuma ya sa ni gidan gaba don masu shingen hanyar Gwadabawa da Kware su zaci wani babba ya ɗauko. Bai hana su karɓar na goro ba.

Ƙofar bankin irin ta gilashin nan ce da ke rufe mutum a ciki ta yi nazarinsa. Ta koro ni, na ajiye waya. Ta koro ni, na ajiye makulli. Mai gadi ya duba cikina ya ce, "Yallaɓai, tsuntsun ne." Aka kulle mikiya a akwati aka ba ni lamba, na shiga banki hannun hagu riƙe da ƙugun wando, fayil a hammata.

Mutum uku ne a teburin, maza biyu da wata Hajiya mai tabarau. Na miƙa hannu kamar yadda aka koya mini, fayil ya sulale, takardun jami'a suka bazu a ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya tashi ya tsince mini, domin ya lura sunkuyawa za ta jawo abin da ya fi haka.

Babu wanda ya tambayi 1959. Na yi ta jiran kafar da zan cusa ta, ban samu ba. Hajiya ce ta duba adireshina ta ce, tunda daga bakin iyaka nake, in gaya musu abin da ya sa sefa ta tsere wa naira. Nan fa na manta ina cikin kwat. Na ce sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ba ta gaba ba ta baya, naira kuwa an sake mata igiya a Yunin 2023, shi ya sa jikka guda, wato dala ɗari biyu a lissafin mutanen Ƙonni, ta haura naira dubu biyu. Na ce mai sefa yanzu shi ne mai ciniki a kasuwarmu, Banijare mai sa kuma ya fi son a biya shi da kuɗin ƙasarsa. Na kawo rufe iyakar 2019, da na bayan juyin mulkin Yulin 2023 wanda sai a Maris ɗin nan aka buɗe, da yadda farashi ke sauyawa a waya tun kafin labari ya kai rediyo. Suka tambayi inda na koya. Na ce tun ina ƙarami nake riƙe wa Kawu jaka.

Sai na ga ukunsu sun gyara zama. Shanu nawa Alhajin yake da su? A wane banki yake ajiya? Abokansa dillalai fa? Ashe aikin na kwantiragi ne, na farautar masu ajiya, kuma akwai adadin da za ka kawo cikin wata shida ko ka kama gabanka. Da suka faɗi adadin sai da na saki wandon. Allah ya taimaka a zaune nake.

Da na dawo na iske Kawu a garke, na tsugunna na yi masa bayanin asusun ajiya.

"Kuɗɗin, in an aje su, suna haihuwa?"

Na ce suna yi, kuɗin ruwa. Ya ce a'uzu billahi. Na yi maza na ce akwai tsarin da babu ruwa, tun 2012 da Jaiz ya fara, yanzu ma wasu bankunan sun buɗe nasu sashen, ribar kasuwanci ake rabawa.

"Suna ba da nono? Taki hwa?"

Ya tuna mini farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da masu kuɗi a banki suka yi ta kwanan layi wurin masu POS, shi kuwa sefa a aljihu, bajimai a turke. Ban sami abin cewa ba, hedimasta bai ba ni shekarar da ke amsa wannan ba.

Har yanzu Hajiya na bugo waya, kuma gaisuwar Alhaji ce ke fara fitowa kafin tawa. Kawu ya yarda zai je ya ga bankin da idonsa bayan damina, bisa sharaɗin ba zai cire komai a bakin ƙofa ba. Wuƙar ƙugunsa, da makullan rumbu, da gurun da ya gada wurin kakanmu, duk da su yake tafiya ko masallaci.