Bazazzagiya, Wai Riga Ce Ta Raba Ki da Tuwo?

Gaisuwar uwargijiya ga baiwarta. Ya Zariya, ya sanyin Samaru, ya kuma iyayi?

Labari ya iso mana nan Kano cewa tun da kika koma gida daga sayayyar biki kin ƙaurace wa tuwon dare. Wai rabin malmala ma sai an lallashe ki, ke da a da sai an ɓoye miki tukunya. An ce kin sayo shayin rage teɓa kina kurɓa kina yatsine fuska, kuma ranar kamu da aka ce a jeru a ɗauki hoto sai kika sulale bayan mutane, goshinki da ɗaurin ɗankwalinki kawai suka fito. Da na bi diddigi sai aka ce duk wannan aikin wata doguwar riga ce 'yar kanti mai ɗauke da XL a wuya. Kin zura kai, ta tsaya a kafaɗa ta ƙi gaba ta ƙi baya, hannuwanki a sama, sai da yarinyar shago ta shigo bayan labule ta taya ki fita daga cikinta. Jikar Sarauniya Amina ke nan, wadda ake ba mu labarin ta zagaye garuruwa da ganuwa, yau ɗan ƙyallen da bai kai faɗin yatsu biyu ba ya sa ta kwana da yunwa.

Na san za ki ce Kanawa ne suka cuce ki. To mu ba mu muka yanka ta ba, sayarwa kawai muka yi, kuma sayarwa ai gadonmu ne. Ɗan kasuwarmu ya tafi Guwanzu ta ƙasar Sin ya lodo ta a kwantena, wanda ya yanka ta a can kuwa bai taɓa ganin macen da ta yi wankan jego ta sha kunun kanwa ba. Abin da suke rubuta wa XL, sau da yawa Bature M ko L zai rubuta masa. Su ma Turawan bakinsu bai zo ɗaya ba. Rigar da Ingila ke kira 14, a Amurka 10 ce, a Jamus 40, a Faransa 42, a Italiya 46. Mace ɗaya, ba ta ƙara loma ba, ba ta rage ba, ta hau jirgi a Landan tana 14 ta sauka a Rum tana 46. In ba ki yarda ba, zo mu je Kofar Wambai ranar da ake fasa sabuwar dilar gwanjo. Za ki ɗaga siket uku masu lamba ɗaya, ɗaya ya shige ki, ɗaya ya tsaya a gwiwa, ɗaya kuma ya ɗauke mu ni da ke a tare.

Tunda ku 'yan birnin ilimi ba ku karɓar magana sai an haɗa muku da shekara, ga ta. A wajajen 1939 zuwa 1940 gwamnatin Amurka ta sa aka auna mata kusan 15,000, kowacce awo 59, aka fitar da sakamakon a 1941. Kin san ma'aikatar da ta yi aikin? Ma'aikatar noma, masu lissafin masara da auduga. Da suka zo haɗa lissafi kuma, da awon fararen mata kaɗai suka yi aiki, na baƙaƙe aka ajiye shi gefe. A kan wannan awon aka ɗora ma'aunin da hukuma ta fitar a 1958, kuma a 1983 ita gwamnatin da kanta ta janye shi. Tun daga nan kowane kamfani ya koma yankan abin da ya ga dama. Wasunsu ma suka gano cewa mace ta fi saurin buɗe jaka in ta ga ƙaramar lamba ta shige ta, sai suka riƙa faɗaɗa rigar suna barin lambar yadda take. Lamba 8 ta yau ta fi lamba 8 ta 1958 faɗi nesa ba kusa ba. Wato alƙalin da ya yanke miki hukuncin barin tuwo, ko a garinsu an daɗe da sauke shi daga kujera.

Sai zancen abaya, wanda ya fi ba ni dariya. An ce kin shiga ɗaki kin rufe ƙofa don mai shago ya ce miki "Hajiya, ke sai 58." Baiwar Allah, lambar abaya tsayi ne, inci nawa daga kafaɗa zuwa ƙasa, 52, 54, 56, 58 har 60. Ce miki ya yi ke doguwa ce. Kina zaune kusa da Jami'ar Ahmadu Bello tun ƙuruciya, amma sai Bakanuwa ce za ta karanta miki wuyan riga.

Ban ce babu ciwo ba fa. Na san shagon nan, na san labulen nan da ba ya rufuwa duka, da zafi, da madubin da aka jingina a karkace, ga wasu mata biyu a waje suna jira suna kallon ƙafafunki. Na kuma san bakin masu sayarwa. In riga ta matse, "Hajiya, roba ce, za ta buɗe." In ta yi yawa, "ai haka ake yayi yanzu." In an ce firi sayiz ce, ki tabbata an ɗinka ta ne don wata mace guda da babu wanda ya taɓa gani. In kuwa an zazzage shago ba a samu ba, sai yaro ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji: "Irin naku sai dai a yi oda." Wannan "irin naku" ɗin ita ce mace ke ɗaukowa ta hau adaidaita da ita, ta kai ta gida, ta tsaya gaban madubi tana neman laifin da da safe babu shi. Masu saye ta WhatsApp da Instagram ma ba su tsira ba. Rigar da kika gani ta zauna ɗas a jikin mutum-mutumi, an tattare ta ne ta baya an dafe da allura, in ta iso kuma an riga an rubuta miki cewa in an saya ba a mayarwa.

Kada ki ɗauka mu sirara muna hutawa. Ni da kike cewa iskar hunturu za ta kai ni Wudil, duk rigar kanti da na saya sai tela ya rage ta, kuma duk gidan bikin da na shiga sai wata gwaggo ta kama hannuna ta ce "lafiya kuwa? Ko ba ya ba ki abinci ne?" A layin da aka sayar miki da shayin rage ƙiba, a nan ake sayar wa 'yan mata sha-ka-fashe don su cika riga kafin ranar kai lefe. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan magani ne da likita ke bayarwa don wata cuta daban, kuma shansu barkatai kumburin fuska yake kawowa da hawan jini da ciwon suga. Shayin naki kuwa da yawansu ganyen filasko ne ko danginsa, aikinsa ya kai ki bayan gida sau biyar ki ɗauka kin rame. Kasuwa ɗaya ta ci kuɗinki don ki ragu, ta ci nawa don in ƙaru. In likita ne a Shika ya auna jininki ya ce ki rage gishiri da mai, ki riƙa tattaki, wannan ki bi shi sau da ƙafa, ni ma zan taya ki zagaya Kofar Doka. Amma yaron shago ba likita ba ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne a ce daga Zariya wannan kukan ya fito. Cikin birninku ake zama a zaure da tsakar gida ana yi wa babbar riga aikin hannu, aska takwas da sauransu, har matanku sun shiga sana'ar sun ƙware. Wa ya taɓa jin an tambayi sayiz ɗin babbar riga? Uba ya sa, ɗa ya gada, mai tumbi ya naɗe ta a kafaɗa, siriri ma ya naɗe, kowa ya fito da kwarjini. Wando zariya ce ke riƙe da shi, a ja ko a sassauta. Zani kuwa, da shi mace ke yin ƙuruciya, da shi take goyon ciki har wata tara, da shi take goya abin da ta haifa, bai taɓa ce mata ta ƙaru ba. Kika bar wannan duka kika je kina kokawa da awon wata Ba'amurkiya ta zamanin yaƙin Hitila. Ai dama an ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ba na wanke tela. Zai karɓi atamfarki tun farkon azumi ya ba ki ranar jajibere, ko ya kashe waya. Zai zagaya ƙugunki da tef ya faɗa wa yaronsa lambar da ƙarfi, ya ƙara da "Hajiya, an samu ƙarin inci biyu, hutu ya karɓe ki." Amma jikinki ya auna, a cikin yadi 6 ɗin nan zai fitar miki da abin da zai zauna, kuma in mai hankali ne zai bar rara a cikin ɗinki saboda bayan Babbar Sallah.

Saboda haka ki fito da tukunyar nan, ki sa a kaɗa miki miyar kuka da man shanu. Rigar kuma kada ki bar ta a ƙasan akwati tana hararar ki. Ki ba direban motar Kano ya kawo mini, in kai wa tela ya rage ta in sa ranar walima, ki kuma haɗo da kuɗin sharata na bara da kika noƙe, don watan cika-ciki ya kusa, kuma wannan karon ba zan karɓi uzurin babu canji ba.