Kowa da Rigar Winamp Ɗinsa: Masu Tura Waƙa daga Zabori zuwa Gaya

Daga Zabori har Gaya, duk rumfar cajin salula da ta amsa sunanta tana da kwamfuta a kan tebur, wadda aka sayo kwance daga Kamba ko Malanbil, da bafule a ƙofa. Aikin ɗaya ne: a zuba wa mutum waƙa a katin memwar, ya biya, ya kama gabansa. Amma wanda ya leƙa allon zai san halin mai rumfar tun kafin su gaisa.

Akwai Sarkin Ado. Shi Winamp ya riƙa, manhajar da Justin Frankel da abokinsa suka fitar a Amurka a 1997, AOL ta saye kamfanin a 1999. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne ana sauya mata riga, kuma Sarkin Ado ya ɗauki wannan dama tamkar farilla. Yau rigar Barcelona, gobe hoton Ali Nuhu, jibi wani baƙin ƙarfe mai walƙiya da ya haɗiye maɓallan gaba ɗaya. Sai a ce ya tsayar da waƙa za a yi kiran salla, ya shiga lalube, ya danna na ƙara murya.

Maƙwabcinsa Ba-ruwana ne. VLC yake amfani da ita, mai alamar mazubin nan ruwan lemo da ake jerawa a titi, wadda ɗaliban École Centrale ta Faris suka fara. Yadda ta zo haka take, bai taɓa ko layi ɗaya ba. Sau ɗaya a shekara hankalinsa ke tashi: ƙarshen Disamba mazubin kan sa jar hular Kirsimeti da kansa, shi kuwa ya rantse birus ne, ya hana kowa soka kati sai an shiga Janairu.

Injiniya kuma sai an zauna. Ya gano foobar2000, wadda Peter Pawłowski ɗan Folan, tsohon ma'aikacin masu Winamp, ya saki a 2002. Tana zuwa fara fat, ba ado, amma tana barin mutum ya yanka allo gida-gida yadda ya so: nan jerin mawaƙa, can hoton faifai, ƙasa zanen sauti mai tsalle. Turancin Ingilishi take ji, shi kuwa lakwal ta Faransanci ya yi, don haka da gwaji da kuskure ya koya, abin da ya ƙara masa taƙama. Ya ware wa Shata gida, Ɗanƙwairo gida, Narambaɗa gida, Tal National da Mamar Kassey a ɓangaren 'yan ƙasa. Matsalar ita ce rabin kayansa ta WhatsApp da Bluetooth suka zo, sunayensu lambobi ne zalla, gurbin mawaƙi kuma alamar tambaya. Yakan kwana yana gyara su ɗaya-ɗaya, batirin hasken rana na kuka. A gaskiya rumfarsa ce kaɗai za a nemi waƙar Ɗan Maraya Jos a same ta cikin minti ɗaya, in dai an ci sa'a ba ranar da yake sake fasali ba ce. Ran nan kuwa ɗan kabu-kabu na tsaye, inji na ci, sai ya ji: "Yi haƙuri aboki, layin nan ya karkace."

Mai Bugu bai damu da fasali ba. Cikin dukan Winamp sanduna goman nan na daidaita sauti ya sani, kuma duk ya tura su sama. Kalangun Shata ya zama gurnani, "Jaruma" ta Hamisu Breaker, wadda ta cika gari a 2020, tana girgiza kwanon rumfa. Ƙanensa ya fi shi: ya sa VirtualDJ, faifai biyu na juyawa a allo, yana murza su da linzami, alhali waƙa ɗaya ce a ciki.

Ustazu allo biyu gare shi. Na sama tafsirin marigayi Shaikh Ja'afar Mahmud Adam ne, an jera shi sura-sura, gwanin sha'awa. Ƙasa can, a wata 'yar taga da aka matse ta koma siririn layi, Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef na jiran dattawa su tashi. Da azumi tagar kan ɓace ɗungum, ta dawo da yammacin ranar salla.

Dukansu kuma mutum ɗaya suke tsoro. Inna ce, da kati ƙulle a bakin zane, ba ta kallon allo ko kaɗan.

"Ɗan nan, sa mini wadda aka yi a bikin 'yar ƙanwata."

"Inna, wa ya yi ta?"

"Yo ina na sani? Mai zaƙin muryar nan."

Sai ta ɗan rera, ba daidai ba. Injiniya ya buɗe gidajensa duka, Sarkin Ado ya nemi maɓallin bincike a cikin rigar Barcelona. Yaron da ke jeran caja a ƙasa, wanda ba a bari ya taɓa linzami, ya ɗaga kai ya ce ta Ali Jita ce, tana cikin salularsa, dala ashirin.