Malam Bazazzagi, Wa Ka Ba Makullin Ƙofar Doka?

Bawana na gado, ina yi maka jaje. Na so in binne maganar nan saboda furfurarka da kuma ɗaliban da ke rusuna maka, sai na tuna cewa Bakano bai taɓa samun Bazazzagi a hannu ya sake shi kyauta ba. Ture kwanon faten nan gefe, ka gyara zama.

Ranar Talata da la'asar ina zaune a shagon wani abokina a Kantin Kwari sai ga saƙo ta WhatsApp daga lambarka, da hotonka, wannan da ka ɗauka da rigar bikin yaye ɗalibai da hular nan mai kama da faranti. Saƙon ya ce: "Salam ɗan'uwa. Wata matsala ce ta taso min, manhajar bankina ta ƙi buɗewa. Taimaka ka tura naira 40,000 cikin wannan asusun, da safe zan mayar maka." Na karanta sau biyu, na tuntsire da dariya har mai shago ya bar awon yadi ya juyo. Shekara 30 muna tare ban taɓa jin "ce" ta fito daga bakinka ba. A wajenka mota ne, yarinya ne, jarrabawa ne. Duk ranar da Bazazzagi ya rubuta "matsala ce ta taso", to ko dai aljanin Kano ya hau shi, ko kuwa ba shi ba ne. Balle kuma "ɗan'uwa". Yaushe bawa ya fara kiran ubangidansa ɗan'uwa? Na buga maka waya kai tsaye, ka ɗauka kana haki, kana cewa, "Wallahi wayana ne aka shiga!" Na ce alhamdulillahi, wannan kam nawa ne.

Da na matsa maka ka faɗi yadda aka yi, sai ka fara kame-kame. Wai wani ne ya kira ka da muryar natsuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, Farfesa." Nan take aka gama da kai. Kai da kake jiran wannan muƙami tun kafin a yaye ɗan autanka, sai ga wani ya ba ka shi a waya ba tare da an aika takardunka ko'ina ba. Ya ce daga kwamitin tsangaya yake, za a yi taro ta Zoom da dare a kan alawus ɗin malamai, an turo maka lambobi 6 na shiga taron, ka karanto masa ya sa sunanka. Kalmar alawus ta ƙarasa abin da kalmar Farfesa ta fara. Ka karanto masa su ɗaya bayan ɗaya, har ka tambaye shi ko ka maimaita.

Malam, waɗannan lambobi ba na wani taro ba ne. Su ne WhatsApp ke turo wa mai layi idan wani ya nemi ɗora lambarsa a kan wata waya daban, kuma a jikin saƙon an rubuta kada ka ba kowa. Kai ne mai duba kundin ɗalibi shafi 200 ka gano inda waƙafi ya ɓace a shafi na 147, ka mayar da yaro gida ya sake bugawa, amma layi biyu sun gagare ka karantawa. Akwai kuma sakata ta biyu da manhajar ta tanada: ka shiga saituna, ka shiga asusu, ka sa wasu lambobi 6 naka na kanka, waɗanda ko ɓarawo ya samu na farko sai ya cije a kansu. Aikin bai kai tsawon gaisuwarku ta safe ba. Ba ka yi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba ni aka cuta ba, yaranka aka cuta. Ɓarawon ya bi zaurukan da kake ciki ɗaya bayan ɗaya: na malaman sashe, na tsofaffin ɗalibai, na masallacin unguwa, da na 'yan ajin ƙarshe da kake duba wa kundi. Abokan aikinka sun san aljihunka, sun san ba ka mayar da bashi da safe, ba wanda ya motsa. Ɗalibai kuwa uku suka tura. Wane yaro ne zai ce wa malamin da bai sa masa hannu a kundi ba, "Bari in kira in tabbatar"? A makaranta, tsoron malami ya fi kowace manhajar kutse aiki, kuma 'yan damfara sun san haka sarai. Wata yarinya kuɗin motarta na komawa gida ta tura. Wannan kam ba na wasa ba ne, ka nemo ta ka biya ta.

Na taɓa shiga ofis ɗinka, kada ka musa. A goshin kwamfutarka akwai 'yar takarda ruwan ɗorawa a manne, an rubuta kalmar sirrin shafin da kuke ɗora sakamakon jarrabawa, da manyan baƙaƙe don kada tabarau ya wahala. Da farko 123456 ce, wadda kusan duk shekara ita ke zuwa kan gaba a jerin kalmomin sirrin da aka fi amfani da su a duniya. Da yaran cibiyar kwamfuta suka tilasta muku canzawa, sai ka yi dogon nazari irin na masana, ka sa Zazzau1. Ita ce ta imel, ita ce ta Facebook, ita ce ta komai. Makulli ɗaya ya buɗe zaure da turaka da rumbu. Ranar da idonka ya gaji kuma sai ka kira wakilin aji ka ce ya zauna ya shigar maka da maki. Ka ba kura ajiyar nama, ka tafi sallar la'asar. Ga kuma filashin nan naka da ke rataye da makullin mota, wanda ya shiga kowace kwamfuta a shagunan buga takardu na bakin makaranta, ya kwaso cutar da ko asibitin Shika ba zai iya da ita ba.

Ka saba cewa, "Ni me nake da shi da za a sata?" To makarantar da ka sani ta alli da rajistar takarda ta tafi. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Kuɗin makaranta sai an ciro lambar Remita. Korona ta zo a 2020 ta tura ku koyarwa ta Zoom, inda ka yi rabin awa kana zuba lacca da makirufo a kashe. A 2024 aka buɗe shafin bashin karatu na NELFUND, wanda ke neman lambar NIN da ta BVN da ta JAMB. Duk waɗannan yaro yakan kwashe su ya miƙa wa mai shagon intanet, shi ya buɗe masa imel, shi ya zaɓa masa kalmar sirri, shi ya rubuta ta a littafinsa. Gobe a turo wa yaron shafin bogi na tallafin karatu, bai san ya duba ko adireshin ya ƙare da gov.ng ko edu.ng ba, ya zuba komai. Wa zai koya masa? Malaminsa mai Zazzau1?

Kada kuma ka ce wannan sakacin namu ne na nan. Jami'ar Maastricht da ke Holan, a watan Oktoba na 2019 aka buɗe wasu saƙonnin imel na yaudara a kwamfutocinta. Masu kutse suka shiga suka yi lamo wata biyu, sai ranar 23 ga Disamba suka kulle mata kwamfutoci, har sai da ta biya kuɗin fansa kusan Yuro 200,000. Kwalejin Lincoln da ke jihar Illinois a Amurka ta shekara 157 tana aiki. Korona ta raunana ta, irin wannan harin ya same ta a ƙarshen 2021, a 2022 ta rufe ƙofa. Can ma ta hannun irinka ake shiga, mutum mai digiri da saurin latsawa.

An shirya muku bita a kan wannan a watan Oktoban da ya wuce, watan da Amurkawa suka ware tun 2004 don wayar da kai kan tsaron intanet, wasu ƙasashe suka bi sahu. An ce ka je. Ka sa hannu a takardar halarta, ka karɓi lemo da fanke, kana ganin an kunna majigi ka tuna kana da wani taro.

Abin kunyar shi ne garin da ka fito. Ku ne masu tinƙaho da ganuwar Amina, ku ne masu Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan. Kakanninku ba su tsaya ga gina katanga ba, sai da suka ajiye sarkin ƙofa, baƙo ya zo a tambaye shi daga ina, wajen wa. Yau jikansu ya ji an ce Farfesa, ya cire makulli ya miƙa ta taga.

Na san abin da ke bakinka: ina wayon Kanawa ya tafi a Disambar 2016 da MMM ta rufe da kuɗin jama'a? Wannan kasuwanci ne, Malam, akwai riba akwai faɗuwa. Batun saƙon datar kyauta da na tura wa zauruka 10 ranar Sallah kuwa, gwaji nake yi in ga wa zai faɗa.

Yanzu ga inda aka kwana. Ka sake neman lambobin shiga, an kori ɓarawon, amma kafin ya fita ya sa sakatar nan ta biyu da ka ƙi sawa, don haka sai ka jira kwana 7 kafin ka koma gidanka. Yau kwana 4 ke nan zauren tsofaffin ɗalibai bai ga dogayen saƙonninka na asuba ba, har mutum biyu sun tambaye ni ko akwai hanyar da za a roƙi ɓarawon ya ƙara mako guda.

Ranar Asabar ina tafe Zariya. A dafa fate, a sa rama da yawa, ka ajiye wayar da kwamfutar a kan tabarma, ka ɓamɓare 'yar takardar nan kafin in iso. Idan kuma da gaske wata rana ka matsu da naira 40,000, kada ka rubuto. Kira ni da muryarka, ka ce "matsala ne ya taso", in tabbatar kai ne, sannan in gaya maka kasuwa babu ciniki.